Kariya: Furen Da Yawan Ruwa Ke Kashewa

A tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙamas, a nan ne kariya ke cika ido. Takan zubar da ganyenta, sai furanni masu ruwan hoda ko ja su lulluɓe kan rassanta. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum, kuma dangin tumfafiya ce. Tana fitowa da kanta a yankin Sahel, daga Senegal zuwa Sudan, har gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa.

Ƙarfinta yana gindinta. Wannan kumburarren gindi rumbun ruwa ne, shi take tsotsa a watannin da ba a samun ko ɗigon ruwan sama. Tsayinta bai cika wuce mita 3 ba. Furenta mai leɓe biyar ne, 'ya'yanta kuma kan fito bibbiyu, idan sun fashe iska ta kwashi irin mai gashi ta watsa.

Mai son shuka ta a gida ya nemo ƙasa mai yashi wadda ba ta riƙe ruwa, da tukunya mai huda a ƙasa, ya ajiye ta inda rana ke duka sosai. Kada a ƙara mata ruwa sai ƙasar ta bushe sarai, domin laima ce ke ruɓar da saiwarta. Da damina a ɗauke ta daga inda ruwa ke kwanciya. Wadda aka shuka daga iri ita ke yin babban gindi. Idan reshe za a dasa, a bar wurin yankan ya bushe na 'yan kwanaki tukuna. Zai yi saurin fure, amma gindinsa ba zai kai na iri ba.

A Tailan masu lambu sun mayar da ita sana'a, suna aurar da irinta suna fitar da launuka iri-iri, suna sayarwa ƙasashen duniya. Mu kuwa ga ta a dajinmu.

Sai dai a yi hattara: ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, wanda mafarauta a sassan Afirka suka daɗe suna shafawa a kibiya. A nisanta ta da yara da awaki, kuma duk wanda ya yanke reshenta ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci.