Mungo: Laƙabin da Ya Danne Sunan Yanka

Mungo sunan maza ne a ƙasar Sikotilan da ke arewacin Birtaniya. Tsohon suna ne da ya kai shekara 1,400, amma a yau da wuya a ji an raɗa wa jariri shi. Asalinsa ma ba sunan yanka ba ne. Laƙabi ne na so, irin wanda kaka kan sa wa jika ya bi shi har furfura, a wayi gari an manta da wanda aka raɗa masa ranar suna.

Mai laƙabin shi ne Kentigern, malamin addinin Kirista na ƙarni na 6, wanda mutanen Gilasgo suka ɗauka waliyyinsu kuma mai kafa birninsu. Yawancin labarinsa ya fito ne daga littafin wani ɗan zuhudu, Jocelin na Furness, wanda ya rubuta shi a ƙarshen ƙarni na 12, wato fiye da shekara 500 bayan rasuwar waliyyin. Don haka tarihi da almara sun cakuɗe a ciki. An ce mahaifiyarsa Teneu 'yar sarkin Lothian ce. Da ta yi ciki ba aure, uban ya sa aka jefo ta daga kan dutsen Traprain Law, amma ba ta mutu ba. Sai aka sa ta a ɗan kwalekwale aka tura cikin ruwa, igiyar ruwa ta kai ta gaɓar Culross, inda ta haihu. Wani malami mai suna Serf ya ɗauki yaron ya rene shi, kuma shi ne ya fara kiransa Mungo.

Sunan bai fito daga Ingilishi ba, bai kuma fito daga Gelik, harshen mutanen tsaunukan arewa ba. Tushensa harshen Kumbirik ne, ɗan'uwan harshen mutanen Wales, wanda aka yi magana da shi a masarautar Strathclyde kafin ya ɓace wajen ƙarni na 12. Jocelin ya ce ma'anarsa aboki mafi soyuwa, kuma wannan fassarar ce ta bazu, ita ce ake samu a littattafan sunayen jarirai. Wasu masana harshe kuwa na ganin Mungo gutsuren sunan Kentigern ne kawai da aka yi wa kwaskwarimar shagwaɓa. Shi kansa Kentigern ana fassara shi da babban sarki, ko kuma ubangidan karnuka. Wannan ba zagi ba ne a wurinsu: karen farauta alamar jarumta ne, sarakuna da mayaƙa na alfahari da sa shi a sunayensu.

Mungo ya kafa majami'arsa a bakin rafin Molendinar, a zamanin sarki Rhydderch Hael, ya rasu tsakanin 612 da 614. Ana tunawa da shi kowace ranar 13 ga Janairu. Kabarinsa na ƙarƙashin babbar majami'ar Gilasgo, kuma tambarin birnin na ɗauke da tsuntsu, itace, ƙararrawa da kifi mai zobe a baki, kowanne na nuni ga wata karama da aka jingina masa. Na kifin ya fi shahara: sarauniya ta ba wani jarumi zoben da mijinta ya ba ta, sarki ya karɓe ya jefa a kogin Clyde, sannan ya ce ta kawo shi ko a kashe ta. Mungo ya sa aka kamo kifi, aka tsinci zoben a cikinsa.

A 1560 Sikotilan ta koma ɗariƙar Furotesta, aka hana girmama waliyyai, amma sunan bai mutu ba. Ya ci gaba da yawo a gidajen manoma da na masu sarauta, musamman a kudancin ƙasar. A can ne, a Foulshiels kusa da Selkirk, aka haifi Mungo Park a 1771, mutumin da ya kawo sunan Afirka ta Yamma. Likita ne da ya yi karatu a Edinbara. Ya isa kogin Kwara a Segu, cikin Mali ta yau, a watan Yulin 1796, ya koma ya wallafa labarin tafiyarsa a 1799. Littattafan makaranta sun daɗe suna cewa shi ya gano kogin, alhali masunta na jefa taru a cikinsa tun kaka da kakanni. Abin da ya yi shi ne tabbatar wa Turawa cewa a wannan yankin ruwan gabas yake nufa. A tafiyarsa ta biyu ya gangaro da jirgin ruwa har Yawuri, inda tafintansa Amadi Fatuma ya sauka, sannan ya nutse a Busa a farkon 1806 bayan an kai masa hari. Wani ɗan ƙasarsu, Hugh Clapperton, ya tsaya a Busa a 1826 yana cigiyar takardunsa, kafin shi ma ya rasu a Sakkwato a 1827. Tsohuwar Busa yanzu tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

Akwai wasu masu sunan: Mungo Ponton, wanda bincikensa na 1839 ya taimaka wa fasahar ɗaukar hoto, da wani Mungo Park ɗan Musselburgh da ya ci babbar gasar golf ta Birtaniya a 1874.

Farin jinin sunan ya riga ya fara dusashewa tun kafin nan. A 1768 aka nuna wani wasan barkwanci a Landan mai suna The Padlock, inda aka sa wa wani bara baƙar fata suna Mungo, Bature ya shafa baƙi a fuska ya fito a matsayinsa. Wasan ya karɓu, har kalmar ta zama abin da Turawan Ingila ke kiran bawa ko bara baƙi da shi don raini. Daga baya kuma masaƙun Yorkshire suka riƙa kiran wani yadi mai araha da ake yi da tsummokaran ulu da wannan suna. Ba uban da zai so ɗansa ya yi tarayya da tsumma a suna.

A yau an fi ganin Mungo a jikin gine-gine da littattafai fiye da takardar haihuwa. Akwai ƙungiyar St Mungo's mai taimakon marasa matsuguni, wadda ta fara aiki a Landan a 1969, da gidan tarihin addinai da aka buɗe a Gilasgo a 1993, da asibitin matsafa a littattafan Harry Potter, da littafin Young Mungo na Douglas Stuart da ya fito a 2022. Hukumar adana bayanai ta Sikotilan na fitar da jerin sunayen jarirai kowace shekara, kuma Mungo ba ya cikin ɗari na farko. A birnin Gilasgo kansa, sunan da ya sha zuwa na ɗaya a tsakanin jarirai maza a 'yan shekarun nan shi ne Muhammad.