Kangon da aka gina da gangan: yadda dokar Ingila ke kare shi, da inda ta gaza

A gandun gidan Wimpole da ke kusa da Kambirij a Ingila, akwai wata hasumiya a kan tudu, rusassun katangu kewaye da ita, kamar ragowar ganuwar da yaƙi ya ci. Ba a taɓa gwabza yaƙi a wurin ba. Haka aka gina ta wajen 1770, kango tun ranar farko, domin maigidan ya riƙa hango ta daga tagarsa.

Turawan Ingila na kiran irin wannan gini "foli", wato wauta, saboda ba a kwana a ciki, ba a ibada, ba a ajiya. Masu hannu da shuni na ƙarni na 18 ne suka cika lambunansu da su: hasumiyoyi, koguna na ƙarya, da kwaikwayon ɗakunan bautar Girkawa.

Sai dai ba duka ne wauta ba. A lambun Stowe, Lord Cobham, wanda ya ɓata da Firaminista Robert Walpole a 1733, ya mayar da gini abin habaici. Ya gina ɗaki tsaf domin girmama nagartar mutanen dā, a gefensa kuma ya sa aka yi wani a rushe, ya ce nagartar zamani ke nan, da gunki marar kai da ake ɗauka Walpole ne. Baƙin da suka zaga lambun sun san da wa ake.

A yau yawancin waɗannan gine-gine suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, mai matakai uku: I da II* da II. Dokar 1990 ta haramta rushe ginin da ke cikin rajistar ko sauya masa kama ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba, kuma wanda ya karya ta zai iya shan ɗaurin shekara 2 ko tara marar iyaka.

Ga inda gizo ke saƙar: dokar ta hana rushewa, amma ba ta ɗora wa mai gini wajibin gyara kai tsaye ba. Ƙaramar hukuma na da ikon aika masa takardar gargaɗi, ta yi gyaran gaggawa ta nemi kuɗinta, ko ta saye ginin ala tilas. Da wuya take kai wa nan, domin wa zai kashe kuɗin jama'a a kan hasumiyar da ba ta kawo ko kwabo? Ga kuma harajin kashi 20 cikin 100 a kan aikin gyara. Mai ginin da ya gaji sai kawai ya zuba ido, ruwan sama da saiwar itace su yi masa aikin da doka ta hana shi.

Wasu daga cikin waɗanda suka tsira ƙungiyoyin agaji ne suka ɗauke su. National Trust ta karɓi lambun Stowe a 1989, Landmark Trust kuma na ba da hayar ɗaya daga cikin gine-ginensa ga masu hutu, kuɗin na tafiya wajen kula da shi.

Ita kuwa hasumiyar Wimpole, sai da ta soma rushewa da gaske kafin a gyara ta. Magina sun yi ta tantance wace ɓaraka ce ta asali, wace ce ta shekaru, suka toshe ta biyun suka bar ta farkon. Aikin ya ci lambar yabo ta Europa Nostra a 2016.