Abin da fasto zai koya wurin mai shago

A cocin ECWA, wadda aka kafa a 1954 daga aikin mishan na SIM, mai hedikwata a Jos, aikin fasto bai tsaya ga wa'azin Lahadi ba. Shi ke ziyartar marar lafiya, shi ke sasanta ma'aurata, shi gwauruwa ke kai wa kuka idan kuɗin makarantar yaranta ya gagara. A nan ne shugaban ikilisiya ke da darasin ɗauka wurin ɗan kasuwa. Mai shagon da ya san aikinsa yana riƙe sunan abokin cinikinsa, yana tambayar iyali, in ya kwana biyu bai gan shi ba ya aika a dubo. Faston da makonni suka wuce bai lura babu wata tsohuwa a bencinta ba ya yi sakaci, komai daɗin wa'azinsa.

Masu suka za su ce ibada ba ciniki ba ce, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Mai shago yana lallaɓa mai saye don kada ya koma wani wuri, fasto kuwa dole wata rana ya tsawata, ko da mai ba da baiko mafi tsoka ne zai yi fushi. Sai dai tsawa tana shiga kunne ne daga bakin wanda aka san yana kula. Kuma kulawar ta fi ƙarfin mutum ɗaya: 'yan Zumuntar Mata ne ke fara jin gidan da aka yi rashi ko haihuwa, su isa da tuwo da addu'a tun labari bai kai ofishin coci ba, kuma da abin da suka gani fasto ke tsara ziyararsa ta mako.