Yawon kallon dolfin: ina ribar, ina hatsarin?

A kowace shekara miliyoyin mutane ne ke kwasar iyalansu a lokacin hutu, su shiga jirgin ruwa su nausa cikin teku, ba don kamun kifi ko fatauci ba, sai don kawai su ga wata dabba da ake kira dolfin.

Ga mutumin Gafasa da ke ƙaramar hukumar Ajingi a gabashin jihar Kano, wanda babban ruwan da ya fi sani shi ne kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, abin zai iya zama da mamaki: a biya kuɗi a kalli dabba, a kuma bar ta ta tafi abinta.

To amma wannan harka ta zama babbar sana'a a duniya, kuma akwai darasi a cikinta ga masu zaune a bakin koguna da tafkunan arewacin Najeriya.

Wace irin dabba ce dolfin?

Ko da yake siffar kifi gare shi, dolfin ba kifi ba ne.

Haihuwa yake yi ba ƙwai ba, uwa kuma tana shayar da ɗanta nono, kamar dai saniya ko akuya.

Ba ya iya numfashi a cikin ruwa. Dole ne ya riƙa tasowa sama yana shaƙar iska ta wata kafa da ke tsakar kansa, kuma wannan tasowar ce ke ba 'yan kallo damar ganinsa.

Yana gane abin da ke gabansa ne ta hanyar fitar da sauti, sannan ya saurari amsa-kuwwar da ta dawo masa. Saboda haka ƙarar injin jirgi ba ƙaramar damuwa ba ce a gare shi.

Akwai nau'o'insa kusan 40 a duniya, yawancinsu a teku, kaɗan a manyan koguna irin su Amazon da Ganges.

Yaya girman harkar yake?

Wani rahoto da ƙungiyar kula da dabbobi ta IFAW ta fitar a 2009 ya nuna cewa a shekarar 2008 kaɗai, mutane kimanin miliyan 13 ne suka fita kallon dolfin da sauran manyan danginsa na teku a ƙasashe da yankuna 119.

Kuɗin da suka kashe ya kai dala biliyan 2.1.

Misali mafi kusa da mu a al'ada shi ne ƙauyen Kizimkazi da ke kudancin tsibirin Zanzibar, ƙauyen masunta Musulmi mai tsohon masallaci wanda rubutun da ke jikinsa ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107 Miladiyya.

A da, masuntan ƙauyen farautar dolfin suke yi, su ɗana namansa a ƙugiya don kama manyan kifaye, su shafe jiragensu da mansa.

Daga farkon shekarun 1990 sai baƙi suka fara biyan su kuɗi su kai su kallo. Kafin ƙarshen shekarun an daina farautar, domin masuntan sun lura cewa dabbar da aka kashe sau ɗaya ake cin moriyarta, wadda ke raye kuwa kullum tana kawo kuɗi.

Shin kallon yana cutar da dabbar?

Yana iya cutarwa idan ba tsari.

Binciken da masana suka yi a Kizimkazi ya nuna cewa idan jirage suka yi yawa suna bin garken, mutane kuma suna faɗawa ruwa don su yi iyo da su, dabbobin kan rage hutawa su ƙara yawo.

A gaɓar Samadai da ke kusa da Marsa Alam a Bahar Maliya, ƙasar Masar, akwai wani nau'in dolfin da ke farauta da dare, ya zo ya huta da rana. Daidai lokacin hutun nasa ne ɗaruruwan 'yan yawon buɗe ido ke cika wurin.

A ƙarshen 2003 hukumomi suka rufe wurin. Da aka sake buɗe shi a 2004, sai aka keɓe wani sashe da ba mai shiga sai dabbobin, aka ƙayyade yawan baƙi da sa'o'in ziyara, aka kuma sa kuɗin shiga.

Ita ma Amurka, a 2021 ta haramta kusantar irin wannan nau'in a tsibiran Hawaii ƙasa da tazarar yadi 50.

Akwai dolfin a Najeriya?

Akwai, amma a tekun Atilantika, can kudancin ƙasar.

Ɗaya daga cikin nau'o'in da ke gaɓar yammacin Afirka, mai ɗan tozo a baya, yana cikin waɗanda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ayyana a 2017 cewa suna dab da ƙarewa. Ragar masunta na cikin manyan abubuwan da ke halaka shi.

Ƙarewar kuwa ba tatsuniya ba ce. A 2006 masana sun shafe makonni shida suna neman dolfin ɗin kogin Yangtze na ƙasar Sin, ba su ga ko ɗaya ba.

A arewa babu dolfin, amma akwai ayu, wanda shi ma dabba ce mai shayarwa da ke rayuwa a ruwa tana cin ciyawa. Ana samunsa a kogin Neja da na Binuwai, da tafkin Kainji, da tafkin Pandam a jihar Filato.

Macen ayu takan ɗauki ciki na kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, sai kuma bayan wasu shekaru. Don haka idan aka kashe su ba sa saurin mayar da gurbi.

Ana farautarsa saboda nama da kuma man ayu, wanda ya yi suna a wajen masu maganin gargajiya. Dokar Najeriya ta 1985 ta hana farautarsa, kuma a 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Ina iyali za su je a kusa?

Daga Gaya ko Ajingi, kogin Haɗeja ne ke kaiwa ga dausayin Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke sauka a lokacin sanyi.

Baturiya a jihar Jigawa da Dagona a jihar Yobe na cikin wuraren da ake zuwa kallon tsuntsayen, kuma duk an sanya su cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar.

A cikin jihar Kano kuma akwai dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin gwamna Audu Bako, inda jama'a kan je shaƙatawa a lokutan Sallah.

Me ya kamata a kiyaye?

A nan ne babban ƙalubalen yake, domin tafiyar ruwa a Najeriya ta sha cin rayuka.

A ranar 30 ga watan Nuwamban 2021, wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a jihar Kano ya kife a dam ɗin Watari. Mutane akalla 29 ne suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

A watan Yunin 2023 kuma fiye da mutane 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, a hanyarsu ta dawowa daga ɗaurin aure.

Dalilan da hukumomi kan bayyana kusan iri ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsofaffin jirage, da rashin rigar kariya daga nutsewa.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar, sai dai a mashigai da dama ba a bin dokar.

Saboda haka ya rage ga magidanci ya duba da idonsa kafin ya sa iyalinsa a jirgi: mutum nawa aka ɗauka, akwai riga daidai jikin kowane yaro, kuma za a dawo kafin faɗuwar rana?

Idan an isa wurin dabbobin kuma, sai matuƙi ya rage gudu, kada ya ratsa garke ko ya raba uwa da ɗanta, kada kuma a jefa musu abinci ko leda.

Abin da ya faru a Zanzibar da Masar ya nuna cewa masunta na iya samun abinci daga dabbar da ba su kashe ba. Ko masuntan Kainji da na Nguru za su ci irin wannan moriya, ya dogara ne ga abu biyu: a bar dabbobin su rayu, a kuma tabbatar duk wanda ya shiga jirgi ya sauka lafiya.