Kebul Ɗaya, Kwamfuta Biyu: Me Ke Hana Su Ganin Juna?

Duk mai ɗaukar hoton biki a Korgom, ko malamin da ke tara jarabawoyi da darussa a kwamfutarsa, ya san wahalar kwashe kaya daga wannan inji zuwa wancan. Kile, wato filashi, shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa. Sai dai da yawansu da tsarin FAT32 suke zuwa, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura giga 4, alhali bidiyon yinin biki ɗaya kan wuce haka. Ga kuma ƙwayar cutar nan mai ɓoye jakunkuna ta bar hotonsu kawai, wadda ba ta da abin hawan da ya fi kile. Turawa ta intanet kuwa, ko ta Airtel ce, ko Moov, ko Zamani, biya biyu ne: a ƙona mega wajen ɗorawa, a sake ƙonawa wajen saukewa, kuma injinan nan biyu a kan teburi ɗaya suke.

Akwai hanyar da ba ta cin ko dala bayan kuɗin kebul. A soka baki ɗaya a wannan kwamfuta, ɗaya bakin a waccan, shi ke nan. Fasahar Ethernet ce, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a ɗakin binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka cikin 1973. Idan kafofin injinan biyu masu gudun gigabit ne, kuma faifan ajiyarsu na iya bin sahu, giga 20 kan wuce cikin kamar minti uku zuwa huɗu. Idan tsofaffi ne masu megabit 100, a ba su rabin awa.

Amma sau da yawa a soka kebul a zauna jira, shiru. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ɗaya daga cikin injinan ta lalace, a ɗaura ta a babur zuwa Tasawa ko Maraɗi, mai gyara ya goge komai ya ɗora sabon Windows, a dawo gida matsala na nan inda aka bar ta. Galibi babu abin da ya lalace. Haɗin yana da matakai ne, wani a kan wani, kuma duk wanda ya tsallake na ƙasa ya tafi laluben na sama ɓata lokacinsa yake yi.

Matakin ƙasa shi ne kebul ɗin kansa. A cikinsa akwai ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Haɗi mai megabit 100 huɗu kawai yake amfani da su, na 1, 2, 3 da 6, shi kuwa gigabit duka takwas ɗin yake buƙata. Shi ya sa wani lokaci haɗi ya kama amma yana jan ƙafa: waya ɗaya ta tsinke a ciki, injinan suka koma ƙaramin gudu ba tare da sun sanar da kowa ba. A nan Nijar masu tsinka waya ba su da wuyar samu. Ɓera na nan, zafin rana na busar da robar har ta tsage, ƙurar hunturu kuma na cika kafar da aka daɗe ba a soka komai a cikinta ba. Akwai kuma kebul mai araha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Yana aiki da farko, amma lanƙwasa kaɗan ke karya shi. Araha dai ba ta ado. Tsawon kebul kada ya wuce mita 100, wannan ita ce iyakar da ƙa'idar ta gindaya.

Gwajin farko ido ne ke yin sa. Yawancin kafofin suna da ƴan fitilu, kore ko ruwan ɗorawa. In an soka ba su kunna ba, maganar kalmar sirri ba ta ma taso ba tukuna.

Tsofaffin masu gyara za su ce sai an nemo kebul mai giciye, wanda aka musanya wayoyin kore da na ruwan lemo a baki ɗaya. Da gaskiyarsu a zamanin da, domin kowace kwamfuta ta layi ɗaya take magana, ta ɗaya layin take saurare, in ba a gicciya ba sai baki ya haɗu da baki. Amma tun ƙarshen shekarun 1990 aka samo dabarar da kafa ke gane irin kebul ɗin ta juya kanta, kuma kusan duk kafar gigabit tana da ita. Ya isa a ce ɗaya daga cikin injinan biyu na da wannan dabara. Sai in duka biyun tsofaffi ne ƙwarai ake komawa ga mai giciye.

Fitila ta kunna, sai maganar adireshi. A ofis ko a gidan da ke da akwatin wifi, akwatin ne ke raba wa kowace na'ura lambarta. A haɗin kai-tsaye babu mai rabawa. Windows kan jira na ɗan lokaci, in ba ta ji daga kowa ba sai ta ba kanta lamba mai farawa da 169.254. Mutane da yawa na ganin wannan lamba su ɗauka alamar lalacewa ce. A haɗin inji biyu kuwa tana iya wadatarwa, muddin dukansu biyun ita suka ɗauka. Rikici na tasowa ne idan ɗaya tana ɗauke da tsohuwar lambar da aka rubuta mata da hannu a wani ofis a Turai kafin a sayar da ita gwanjo, ɗayar kuma tana kan 169.254. Suna jone da waya ɗaya, amma kowace na ganin ɗayar ba ta cikin rukuninta.

Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a rubuta lambobin da hannu: 192.168.50.1 ga ta farko, 192.168.50.2 ga ta biyu, sannan 255.255.255.0 a layi na biyu ga kowaccensu. An zaɓi 50 ne da gangan, saboda ƙananan akwatunan wifi na aljihu sun fi son 0, 1 da 8 a wannan gurbi, kuma in lambobin suka yi karo sai intanet ɗin ma ta ɗauke. Bayan haka a buɗe baƙin allon umarni a ta farko, a rubuta ping 192.168.50.2. Kwamfuta mai Faransanci, irin waɗanda suka fi yawa a Nijar, in ta ce "Réponse de", hanya ta buɗe. In ta ce "Délai d'attente de la demande dépassé", ba lalle ne hanyar ta toshe ba, wataƙila ɗaya injin ne ya ƙi amsawa.

Nan ne kuma mafi yawan mutane ke maƙalewa. Windows na raba duk wata hanyar sadarwa gida biyu, ta gida da ta jama'a. Ta jama'a ita ce irin ta otal ko filin jirgi, inda ba a san wa ke kusa ba, don haka katangar tsaro ke rufe komai, har da amsa ping. Da yake haɗin kai-tsaye ba shi da ƙofar fita zuwa intanet, Windows ba ta iya tantance shi, sai ta rubuta "Réseau non identifié" ta jefa shi cikin na jama'a. Kwamfutar mutum biyu, a ɗakinsa, da kebul ɗinsa, amma kowace na ɗaukar ƴar'uwarta baƙuwa.

Maganin da aka fi gani shi ne a kashe katangar tsaro gaba ɗaya. Yana aiki, kuma shi ne mafi muni, domin ba a cika tunawa a mayar da ita ba, gobe kuma injin zai hau wifin wani. Kashe ta na minti ɗaya don a tabbatar ita ce ke tarewa ba laifi ba ne. Gyaran gaskiya shi ne a mayar da haɗin na gida, sannan a kunna gano na'urori da raba fayiloli a saitin rabawa. Wata dabara mai sauƙi ita ce a rubuta lambar ɗaya kwamfutar a gurbin ƙofar fita, sai Windows ta samu abin da za ta tantance haɗin da shi, ta ba da damar a sauya masa matsayi. Illarta ɗaya: muddin kebul na jone, injin na iya neman intanet ta nan ya rasa, ko da wayar salula na ba shi.

Ko bayan wannan, kada a dogara da jerin sunayen da ke fitowa a ƙarƙashin "Réseau". Jerin nan ya yi ƙaurin suna wajen nuna abin da ya ga dama. Akwai ma wani cikas da masu gyara ke haddasawa ba da niyya ba: sukan ɗora kwafin Windows ɗaya a kan injina da yawa, duk su fito da suna iri ɗaya, kuma inji biyu masu suna ɗaya ba sa zama lafiya a hanya ɗaya. A sauya wa ɗaya suna, a sake kunna ta. Hanya mafi tabbas ita ce a kira injin da lambarsa: a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta \\192.168.50.2. A kan allon rubutu na Faransa, mai farawa da AZERTY, wannan karkatacciyar sanda tana ɓoye ne a kan lamba 8, sai an haɗa da AltGr take fita. Ƙaramin abu ne, amma ya sha tsayar da aiki.

Sai izini. Windows na da shi hawa biyu, kamar gidan da aka yi wa baƙo iso zuwa zaure amma ɗakin da kayan suke na kulle. Hawan farko shi ne raba jakar, na biyu shi ne izinin tsaro da ke kan jakar kanta, kuma wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke yin hukunci. Jakar da ke kan fuskar allo ko cikin takardun mai inji ta fi yawan ba da wahala. Ya fi sauƙi a buɗe sabuwa a kan faifan D, a zuba kayan a ciki, a raba ta.

Idan aka nemi suna da kalmar sirri, na injin da ake son shiga ake nufi, ba na wanda ake zaune a gabansa ba. Asusun da ba shi da kalmar sirri, kamar yadda yawancin kwamfutocin gida suke, Windows ba ta barin a shige shi ta kebul. Lambobin nan huɗu da ake buɗe Windows 10 ko 11 da su ma ba sa aiki a nan, sai ainihin kalmar sirrin asusun. Mafita mai tsabta ita ce a ƙirƙiri wani ƙaramin asusu na musamman mai kalmar sirri, a ba shi izinin jakar nan kaɗai.

Wanda ya taɓa yin wannan aiki cikin sauƙi shekaru goma da suka wuce zai yi mamakin yadda ya koma haka, kuma akwai dalili. Yaren da injinan Windows ke musayar fayiloli da shi sunansa SMB, asalinsa daga kamfanin IBM ne a farkon shekarun 1980. Ranar 12 ga Mayun 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a tsohon nau'insa, SMB1, ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Daga ƙarshen 2017 Microsoft ta daina kunna SMB1 a sabon Windows 10. A 2018 ta cire HomeGroup, tsarin da ya sauƙaƙa rabawa a Windows 7. A Windows 11 na 2024 kuma ta ƙara tsaurara shiga ba tare da kalmar sirri ba. Matakan suna da hujja, sai dai an yanke su ne da tunanin ƙasashen da ake sauya kwamfuta duk bayan ƴan shekaru. A Korgom ko Mayahi, inda injin da ya yi shekara goma sha biyar yana aiki ba abin mamaki ba ne, sakamakon shi ne tsohuwa da sabuwa su kasa fahimtar juna. Windows 7 ba ta da wannan matsala, tana jin sabon yaren. Windows XP, wadda aka daina tallafa wa tun Afrilun 2014, SMB1 kaɗai ta sani. In dole ne, ana iya kunna SMB1 a sabuwar, a cire ta daga intanet, a kwashe kayan, a kashe shi nan take.

Saura wuta. Yawancin lantarkin Maraɗi da Damagaram ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa yake zuwa, kuma mutanen yankin ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar. A ƙauyuka kuwa sola ce da batir, waɗanda ke da nasu lokacin gajiya. Kwafin giga 50 da ya katse a tsakiya abin takaici ne, musamman in ba a san inda ya tsaya ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka ma kan yi barci da kanta ta yanke aikin, don haka a hana ta barci kafin a fara. Windows na ɗauke da wani umarni mai suna robocopy tun zamanin Vista. In aka rubuta robocopy D:\Biki \\192.168.50.2\Biki /E /Z, zai kwashe jakar da duk abin da ke cikinta, in wuta ta ɗauke aka sake ba shi umarnin sai ya tsallake abin da ya riga ya wuce ya ɗora daga inda ya tsaya.

Masu ja kebul daga wannan gida zuwa na maƙwabci ta kan katanga su kula da damina. Tsawa ba sai ta faɗo a kan wayar ba; faɗuwarta a kusa ma na iya tura wutar da za ta ƙona kafofin injinan biyu. Hadari na haɗuwa, a zare.

Idan kuma tsohuwar kwamfutar ta ƙi tashi sam, kebul ba shi da abin da zai yi. Sai a kwance faifan ajiyarta, a saka shi cikin ɗan akwatin nan mai bakin USB da ake samu wurin masu kayan kwamfuta a Maraɗi ko Katsina, a jona shi da sabuwar a kwashe kayan kai-tsaye.