Lemun Tsami a Kan Kwaɗo: Amfanin da Ya Wuce Ɗanɗano

Daga Katuru zuwa Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda, da wuya a sami gidan da bai san kwaɗon zogale ko na rama ba. A dafa ganye, a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tumatir, a zuba man gyaɗa da ɗan yaji. Wasu matan kan matsa lemun tsami a ƙarshe don ya tayar da ɗanɗano. Wannan matsawar tana da amfanin da ya kamata kowa ya sani.

Zogale, rama, alayyahu da wake duk suna ɗauke da sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Sai dai hanji ba ya tsotsar ayon na tsirrai da sauƙi kamar na nama ko hanta. Bitamin C ne ke sauya masa siffa har hanji ya iya ɗaukarsa. Ruwan lemun tsami giram 100 na ɗauke da kimanin miligiram 30 na wannan bitamin, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta buƙatar baligi a miligiram 45 kowace rana. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kuwa, maiƙonsu ne ke taimaka wa jiki ya sami bitamin A daga ganyen.

Batun ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara ƙanana a Nijeriya, da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa, suna fama da ƙarancin jini. A yankinmu, inda rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu, nama ya fi ƙarfin gidaje da dama.

Zafi yana lalata bitamin C, don haka a bari ganye ya huce, a matsa lemun dab da ci. A jinkirta shan shayi bayan cin abinci, domin yana rage tsotsar ayon. Salak da kabeji da ake ci ɗanye kuma a wanke su da ruwa mai tsabta, domin tsamin lemu ba ya maye gurbin wankewa.

Lemun tsami ba maganin asibiti ba ne. Mai juna biyu ta ci gaba da zuwa awo da shan maganin ƙarin jini. Amma uwargida, duk ranar da za ki yi kwaɗo, ki sa lemun tsami a cikin cefane.