Wayar Fayiba da Ƙirƙirarriyar Basira: Ina Rabon Kura?



Manomin rani a Kura ko Bunkure ya san cikar madatsar Tiga daban, isowar ruwa gona daban. Tun da aka kammala ta a 1974, babban kanal da rassansa ne ke rayar da shinkafa da alkama da tumatir. Ranar da yashi ya toshe hanya, na ƙarshen layi ne ke fara kokawa. To, haka lamarin yake ga cibiyoyin da ke sarrafa ƙirƙirarriyar basira, sai dai su bayanai ne ke gudana a cikinsu.

A irin wannan cibiya, dubban na'urorin lissafi, galibi ƙirar kamfanin Nvidia, ke taruwa a kan aiki guda. Kowacce ta yi nata kason, sannan su haɗa sakamako kafin a ci gaba. In ɗaya ta makara, sauran duk sai su tsaya jiranta, wuta na ci, kuɗi na ƙonewa. Shi ya sa ake haɗa su da wayar fayiba, wato zaren gilashi da haske ke bi, mai ɗaukar gigabit 400 a daƙiƙa, wani wurin ma fiye.

Sai kuma hanyar fita waje. Intanet ɗin Najeriya ta teku yake shigowa. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne ta iso Legas a 2010, Equiano ta Google a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, irin waɗannan wayoyi guda huɗu suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa, aka wayi gari tura kuɗi ta waya ya gagara a wurare da dama. Mai sayen tumatir a kasuwar Kwanar Gafan bai taɓa ganin teku ba, amma matsalar teku na iya riƙe masa ciniki.

Kada nisa ya ruɗe mu. Haske a cikin fayiba na cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka Legas zuwa Kano ko ƙiftawar ido bai kai ba. A ganina, ciwon yana wajen yankewa. Masu aikin titi su tono waya da katafila, ɓarayi su yanke ta suna zaton tagulla ce, alhali gilashi ne da ko ɗan gwangwan ba zai saya ba.

Kano ba ta zauna hannu rabbana ba. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a birnin. Ministan sadarwa Bosun Tijani kuma ya sanar da shirin shimfiɗa ƙarin fayiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa.

Me ya shafi Kura? A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir, har masana'antar Ɗangote ta Kadawa ta rasa abin sarrafawa. Yau akwai manhajojin da za a ɗauki hoton ganye, su faɗi abin da ke damunsa. Da yawansu sai hoton ya je wata cibiya kafin amsa ta dawo, kuma sau tari cibiyar tana Turai ne ko Amurka. Kura tana bakin titin Kano zuwa Zariya, amma wucewar waya ta gefen gari ba ta wadatar ba, sai an ciro reshe zuwa turakun sadarwa na ƙauyuka. Kamfanoni kuwa ba sa ciro reshe sai sun lissafa kuɗin haƙa da jiha ke karɓa a kan kowace mita, da yawan masu sayen data a ƙarshen layin.